Wace kalma za mu sa wa "boot": kunnawa, lodi ko tayarwa?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Masana, a rubutun tarihin DOS da CP/M, tsoffin manhajojin da ke gudanar da kwamfuta, wasu na fassara "boot" da kunnawa, masu gyara kuma suna cewa "tana butin". A kan wace za mu tsaya?

Injiniya Rabi'u: Wa alaikumus salam, Malam. Kunnawa ba ta isa ba, domin ba da wuta kawai take nufi, alhali aikin da muke nema wa suna bayan wutar yake farawa. Dubi IBM PC ta 1981. Da an danna makunni, masarrafin Intel 8088 zai fara karanta umarnin BIOS, wato shirin da aka dasa wa na'urar a cikin ROM, ma'adanar da ba ta gogewa ko an kashe wuta. BIOS ya gwada RAM, ma'adanar aiki da ke gogewa idan an kashe wuta, sannan ya ɗauko yankin farko na faifan da ke mazubin A, bayit 512 kacal, ya ajiye a adireshin 7C00 na RAM, ya miƙa masa ragama. Wannan ɗan guntun ne zai jawo fayilolin tsarin DOS guda biyu, IBMBIO.COM da IBMDOS.COM, a MS-DOS kuma IO.SYS da MSDOS.SYS, daga nan COMMAND.COM, shirin da ke karɓar umarni, ya zo ya nuna alamar A> yana jiran a rubuta masa umarni. Kwamfuta tana iya zama a kunne, fanka na juyawa, amma ko ɗaya daga cikin waɗannan bai faru ba.

Malama Zulai: Haka ne, Injiniya. To me zai hana mu ce lodi? A Altair 8800 ta 1975 aikin ke nan: mutum ya shigar da ɗan gajeren shiri bayit bayan bayit ta makunnan gaban akwatin, shirin ya karanto manhajar BASIC, yaren rubuta shiri, daga tef ɗin takarda. Teletype, na'urar da ke karanta tef ɗin, na karanta harafi 10 a daƙiƙa, BASIC mai 4K kuwa ya ci kusan minti 7. Makunni ɗaya ya karkace, sai a koma farko.

Injiniya Rabi'u: Malama, lodi ya yi faɗi da yawa. Ko manhajar rubutu ta WordStar aka kira, lodinsa ake yi. Abin da ya bambanta wannan shi ne na'urar ba ta da komai a RAM, ƙarami ne yake jawo babba har ta tsaya da ƙafarta. Ni dai tayarwa nake gani. Kamar janareta ne: murɗa makunni daban, jan igiya har injin ya kama daban. Kuma bakin mutane ya riga ya saba, "ta ƙi tashi" suke cewa.

Alhaji Mamman: Ina goyon bayan tayarwa, hujjata kuma CP/M ta Gary Kildall ce. A can, danna Ctrl-C a farkon layi yana sa a sake ɗauko CCP da BDOS, sassa biyu na CP/M, daga faifai ba tare da an taɓa wuta ba. Wajibi ne ma idan an canja faifai: wanda ya manta, ya nemi yin rubutu, tsarin zai ɗauki faifan a matsayin na karatu kawai, ya ba shi saƙon kuskure na R/O. Wa zai kira wannan kunnawa? Haka Ctrl-Alt-Del da David Bradley ya rubuta wa IBM: yana ajiye lamba 1234 a RAM, BIOS ya gan ta ya tsallake gwajin RAM, shi ya sa ya fi sauri. Don haka kada mu bi Turawa da maganar sanyi da ɗumi, wato "cold boot" da "warm boot". Mu ce tayarwa daga kashe, da kuma sake tayarwa.

Malama Zulai: Na gamsu, Alhaji, musamman da kalmar ke haihuwa: faifan tayarwa, yankin tayarwa. A kuma bayyana wa mai karatu cewa kwafar fayiloli da COPY ba ta mayar da faifai na tayarwa. Tsoffin DOS suna son fayilolin tsarin nan biyu su zo farko a jerin faifan, don haka sai an yi FORMAT /S ko SYS. In ba haka ba, saƙon "Non-System disk" za a gani.

Malam Habibu: Na gode, Allah ya ƙara basira. Zan rubuta "ta tashi" ga kwamfuta, "ya tayar da ita" ga mutum. Saura ɗan shirin nan mai bayit 512: shirin tayarwa, ko kuna da wanda ya fi?

Injiniya Rabi'u: Shirin tayarwa ya yi, Malam. Yankin shi ne wurin a kan faifai, shirin kuma abin da aka rubuta a cikinsa.