Don Allah a taimaka min, Minecraft na ta sarƙewa a laftof ɗina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni a Gombe nake, unguwar Pantami, ina da wata tsohuwar laftof da yayana ya bar min, Core i3 ce, RAM ɗinta 4GB, katin hotonta Intel HD 4000. Wasan Minecraft, samfurinsa na kwamfuta da ake kira Java, nake bugawa, amma in na danna maɓallin F3 sai in ga FPS, wato yawan hotunan da wasan ke nunawa a sakan ɗaya, bai wuce 15 ba, da na shiga daji mai bishiyoyi da yawa ko ruwan sama ya sauko a wasan kuwa sai komai ya tsaya cak, fankar laftof ɗin na ta kuka ga zafin garin nan.

Na sa OptiFine, wani ƙari da ake ɗora wa wasan don ya rage sarƙewa, na rage nisan gani zuwa 6, na kashe gajimare, ya ɗan yi sauƙi amma hoton ya mutu, ba inuwa ba hasken rana, kuma su nake so wallahi. Wani ya ce in cire OptiFine in koma Sodium (mai ƙara wa wasan sauri) da Iris (mai ɗaukar shader, wato abin da ke kawo inuwa da haske) ta Fabric, manhajar da ake ɗora su a kai, tunda ba sa haɗuwa da OptiFine. To wanda ya gwada a irin injina, akwai shader marar nauyi da za ta ɗauka? Kuma RAM nawa zan ware wa wasan, 2GB ya isa? Ko sai na ƙara RAM ɗin laftof ɗin zuwa 8GB? Na gode.