Wa za mu kai wa labarin accarmu, kuma ta wace hanya?

Maman Ilham: Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Matan nan na wajen Bukuru masu gyaran acca, waɗanda na kawo muku kayansu ranar walima, sun ɗora mini nauyin tallata musu sana'a tunda lambar NAFDAC ta fito kuma an buga sabuwar leda. Ina neman shawararku a kan abu biyu: su wa ne masu rubutu a kan abinci da masu nuna girki da ake jin maganarsu, kuma yaya ake rubuta musu har su waiwayi mutum? Na tura wa da yawa daga cikinsu saƙo, amma har yau ko "mun gani" ban samu ba.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Saƙo ɗaya kika rubuta kika rarraba musu, ko kowa da nasa?

Maman Ilham: Ɗaya ne, Yaya, suna kawai nake sauyawa.

Kawu: To, 'yata, daga nan matsalar ta faro. Na daɗe ina karɓar irin waɗannan takardu lokacin da nake aikin jarida, kuma wadda aka rubuta don kowa da kowa tun a layin farko ake gane ta, sai a ture ta gefe. Mutanen da kike nema ba sana'a ɗaya suke yi ba, ko da yake dukansu abinci suke taɓawa. Ozoz Sokoh, wadda aka fi sani da Kitchen Butterfly, tun 2009 take rubutu, kuma hankalinta ya fi karkata ga tarihin abincin Najeriya da asalin kayan haɗinsa. Irinta idan kika ce mata accarku ta fi ta kowa, ba ki faɗa mata komai ba. Amma idan kika ba ta labarin bambancin farar acca da iburu, wato baƙar acca, da yadda matan Filato suke sussuka da surfe da regewa kafin ƙwayar ta shiga leda, kin ba ta abin rubutawa. A Kanada take zaune yanzu, saboda haka labari da hotuna za su riga kaya isa wurinta. Sisi Yemmie da Ify's Kitchen kuwa girkin gida suke nunawa a bidiyo da Turanci, masu kallonsu suna neman abin da za su ɗora a wuta yau da daddare ne, don haka su girki za ki kai musu, da awonsa da tsawon lokacin da yake ɗauka. Idan kuma Hausawa ne masu sayenku, ni da shirin Akushi Da Rufi na tashar Arewa24 zan fara, da irin su Jamila Lawal da ta gabatar da Maggi Diaries na watan azumi, sannan jaridun Hausa irin su Aminiya.

Anti Malama: Kada a manta da PRTV, gidan rediyo da talabijin na jihar Filato da ke nan gida Jos, domin masu cin acca na haƙiƙa suna cikin masu kallonta.

Kawu: Gaskiyarki, Malama. Game da takardar kanta, kada ta wuce abin da mutum zai karanta a waya ba tare da ya gaji ba. Ki fara da wani girki ko rubutu nata da kika gani da idonki, ki faɗi abin da ya haɗa shi da kayanki, ki bayyana ko ke wace ce da waɗanda kike wakilta, sannan ki nemi izinin aiko mata da kaya. Hoto biyu ko uku masu haske sun isa. Kada ki haɗa da doguwar takardar tarihin ƙungiya mai ɗauke da sunayen shugaba da ma'aji, babu mai buɗe ta.

Hajiya Mai Yaji: Ni dai ku bar ni in faɗi abin da ya same ni, ko Maman Ilham za ta tsira daga irinsa. Bara, gab da azumi, aka nuna mini wata mai nuna girki a Abuja, aka ce mabiyanta ba su ƙirguwa. Muka yi magana ta waya, ta faɗi kuɗinta, na tura mata gaba ɗaya ba tare da na riƙe ko kwabo ba, domin muryarta muryar mutanen kirki ce. Na cika kwali da yajin daddawa da garin kunun gyaɗa, na liƙe kowace roba da hannuna, na kai tasha na ba direba, washegari ta ce kaya sun iso. Azumi ya kama, shiru. Aka shiga goma ta tsakiya na kira, ta ce mai ɗaukar mata hoto ba shi da lafiya. Aka shiga goman ƙarshe, sai wata yarinya ce take ɗaga wayar tana cewa Anti tana kicin. Bidiyon bai fito ba sai bayan Sallah, lokacin da babu mai neman garin kunu, kuma da ya fito farfesu take yi da kayan ƙamshin wani kamfani tun daga farko har ƙarshe. Robata tana can gefen tukunya, takardar da ke ɗauke da suna da lambar waya tana kallon bango. Sai a ƙarshe ta ɗaga ta sama ta ce a gwada wannan ma, ko buɗe murfin ba ta yi ba. Ashe ma a wurin da abu yake ɓacewa bayan awa 24 ta saka shi, da na je nuna wa ƙanwata washegari babu shi. Da na yi ƙorafi sai ta ce ai ba mu yi da ita cewa zai zauna ba, kuma gaskiya ne, ba mu rubuta komai ba. Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne, wata ɗaliba a nan Rikkos da ba ta da mabiyan kirki, wadda kyauta na ba ta roba ɗaya, ita ta ci ɗanwake da yajin a gaban kyamara ta faɗi inda ake samu, kuma daga wurinta ne aka yi ta kirana har daga Bauchi.

Baban Sadik: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Ni shi ya sa tun farko ban yarda da biyan kuɗi don a yabi kaya ba, domin yabon da aka saya ba shaida ba ce.

Anti Malama: A nan kam ban bi ka ba, Baban Sadik. Wadda za ta sayi nama da iskar gas, ta biya mai ɗaukar hoto, ta tsaya a kicin tun hantsi har la'asar don bidiyon da bai wuce minti biyu ba, a ce ta yi maka kyauta saboda ka aiko mata da leda ɗaya? Sana'arta ke nan. Laifin da aka yi wa Hajiya na saɓa alkawari ne, ba na karɓar kuɗi ba.

Baban Sadik: To ta faɗa wa masu kallo cewa biyan ta aka yi, kada ta ce a kasuwa ta ci karo da shi.

Anti Malama: Wannan kuma ban musa maka ba.

Barista: Ku ba ni dama in raba wannan gardama, domin abu biyu ne kuke haɗawa. Akwai labari, wanda marubuci yake ɗauka don ya ga masu karatunsa za su amfana, wannan ba a biya kuma ba ki da ikon cewa ga yadda za a rubuta shi. Akwai kuma talla, wadda ake biya, kuma dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da harkar talla ta ARCON a madadin APCON ta tanadi cewa a tantance talla kafin a fitar da ita, har da wadda ake yi ta hannun masu tasiri a kafafen sada zumunta. Idan talla za ki yi, ki rubuta ranar fitowa, da wurin da za a saka, da tsawon lokacin da za ta zauna, da sharaɗin cewa ba za a haɗa kayanki da na abokin gasa ba, ki biya rabi ki riƙe rabi. Sannan ina gargaɗinki a kan abu guda: kada ki rubuta wa kowa cewa acca tana maganin ciwon sukari, ko da kuwa haka ake faɗa a kasuwa. Lambar da aka ba ku ta abinci ce, ba ta magani ba, kuma irin wannan iƙirari yana iya jawo wa matan nan matsala da NAFDAC.

Hajiya Mai Yaji: Barista, ina kake bara?

Barista: Ina nan, ranki ya daɗe, yajin ne bai iso gidana ba.

Auta: Yaya Maman Ilham, idan kina son abin da za ki jingina labarin da shi, acca ta riga ta yi suna a waje. Pierre Thiam, mai dafa abinci ɗan Senegal da ke Amurka, ya kafa kamfanin Yolélé da ke sayar da ita a can, ya kuma yi jawabi a kanta a dandalin TED a 2017. Fatmata Binta, Bafulatana 'yar Saliyo mazauniyar Ghana, wadda ta ci kyautar Basque Culinary World Prize a 2022, ita ma tana aiki da mata manoman acca. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, acca na cikinsu. Edita zai fi saurin kulawa idan ya ga cewa abin da ake rububi a New York a ƙauyukan Riyom ake noma shi.

Kawu: Wannan zai yi aiki a wurin masu rubutu da Turanci. Amma uwargidan da ke Kano ko Gusau ba ruwanta da New York, tambayarta ɗaya ce: idan ta zuba a tukunya za ta tauna yashi ko ba za ta tauna ba? Da ni ne, bidiyon regewar zan tura, a ga ƙwarya biyu da ruwa, a ga hannun matar yana karkata ɗaya a hankali acca tana gangarawa, yashi yana kwantawa a ƙasa, a kuma ga sau nawa ake maimaitawa. Wanda ya taɓa fasa cin tuwon acca saboda tsakuwa, wannan ne zai dawo da shi. Kuma idan azumi kike hari, kayan su isa hannunsu tun cikin Rajab, domin kafin Sha'aban ya raba sun gama tsara abin da za su nuna.

Anti Malama: Idan za a tura girki, a tura gwate, amma don Allah ba irin wanda ake cika wa gyaɗa ba.

Hajiya Mai Yaji: Malama, gwaten da babu gyaɗa ai ruwan yakuwa ne da gauta.

Anti Malama: Mu a gidanmu ƙashi da gauta da yakuwa da alayyafo ne, kuma babu wanda ya taɓa tashi bai ƙara ba.

Baban Sadik: A tura musu duka biyun su zaɓa, tunda su ne masana.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, iyayena, Allah ya saka da alheri. Kawu, zan rubuta takardar farko in turo maka ka duba kafin in aika. Amma har yanzu ban ji wanda zai haɗa ni da masu shirya Akushi Da Rufi ba.

Auta: Yaya, ledar nan mudu nawa take ci, kuma ana kawowa Farin Gada ko sai an je Bukuru?

Hajiya Mai Yaji: Idan za a kawo, a haɗo da tawa guda biyu, amma ta iburu nake so.