DAF mai otomatik ko mai giyar hannu?

Ɗan Kwangila: Salamu alaikum. Iyayen gida, ga mai jigilar masara daga Saminaka zuwa Zariya, wacce ta fi?

Bakaniken Dan Magaji: Wa alaikumus salam. AS Tronic, wato giyabos ɗin otomatik na DAF, yana da kuloci, iska da kwamfuta ke taka shi. In iska ta yi ƙasa ko batir ya yi sanyi, giya ba za ta shiga ba. A riƙa tsiyaye ruwan tankin iska kullum.

Alhajin Tirela: Malam, ɗauki ta hannu. Kowane gareji a Sabon Gari zai sauke maka giyabos, otomatik kuwa sai mai na'urar gano matsala.

Direban Samaru: Alhaji, yaran mota ke ƙona kuloci, suna ɗora ƙafa a kai. Otomatik ta fi lallaɓa shi. Amma in za a ja ta da wata mota, a kwance farfela tukuna, wato ƙarfen da ke haɗa giyabos da tayoyin baya.