Jama'a a taimaka: kilarinet ɗina na katako ya fara tsagewa da shigowar hunturu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina busa kilarinet (wani abin busa na Turawa mai kama da algaita) a ƙungiyar badujala ta makarantarmu a Zariya. Da damina yayana ya sayo mini na katako, na hannu, daga Legas. Tunda iskar hunturu ta fara kaɗawa zoben ƙarfen bakin gaɓar sama (sashen bututun na sama, don gaɓa-gaɓa ake harhaɗa shi) ya yi sako-sako, jiya kuma na ga wani siririn layi kamar gashi tsakanin ramuka biyu na can sama. In ci gaba da busawa ko in ajiye? Wani ya ce in shafa masa man gyaɗa.

Tsohon mabushin 'yan sanda: Wa alaikumus salam ɗana. Ajiye shi tukuna. Sa farce a kan layin: in farcen ya maƙale, tsaga ce, in ya wuce sumul, wataƙila jijiyar icen ce kawai. Zoben da ya saki shi ne shaidar katakon ya bushe ya tsuke. Kai kuma ka zo da sanyin asuba ka hura masa numfashi mai ɗumi da laima, cikin ya kumbura, bayan yana nan a bushe ƙarau. Dole wani wuri ya dare, kuma gaɓar sama ce kan fara, don ita ta fi kusa da baki, ga ramuka a jere kusa da juna. Mu a barikinmu ba ma fita faretin safe da na katako a watan Janairu, na roba muke ɗauka.

Malamar kiɗa daga Jos: Baba ya gama magana. Ƙari kaɗan: baƙin icen nan girenadila ake ce masa, akasari daga Tanzaniya da Mozambik ake saro shi, kuma ya fi son danshin iska na kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A Arewa da tsakar hunturu yakan faɗi ƙasa da 20. Abin da ya saba da iskar Legas ka ga ai ya sha wuya. Ka jiƙa ɗan soso, ka matse shi sosai, ka sa a ƙaramin gwangwani mai huji cikin akwatin, kada ya taɓa makullan, wato ƙarafan da ake dannawa su buɗe ko su rufe ramuka. Ɓawon lemu ma yana yi, amma a riƙa canzawa kafin ya yi fumfuna.

Wani ɗan uwa: Ni dai mai nake shafa wa nawa, bai taɓa tsagewa ba.

Mai gyaran kayan busa: Mai yana rage yadda ice ke shan ruwa, amma ba ya ɗinke tsaga. In ma ya shiga cikinta, gam ba zai kama ba, ka ƙara mini aiki. Man gyaɗa kuwa lalacewa yake yi ya yi wari. Akwai man da aka yi musamman don cikin bututun, shi ma ɗan kaɗan, a kiyaye fatun makullai. Ƙaramar tsaga muna cike ta da gam mai ƙarfi haɗe da garin icen. In ta kai bakin rami sai an ɗaure ta da siraran kusoshi. Don Allah kada ka ɗiga sufa gulu da kanka, yana gangarawa cikin rami ya ɓata sauti.

Malamar kiɗa daga Jos: Bayan gyara, ka ɗauke shi kamar sabo: minti 10 zuwa 15 a rana na mako biyu, sannan ka riƙa ƙarawa. Kafin busa ka sa gaɓar sama a hammata ta yi ɗumi, ka riƙa zura tsumma kana tsane ruwan ciki, kada ka bar shi a mota ko gaban esi. In da hali nan gaba, kamfanin Buffet yana da samfurin Greenline na garin girenadila da aka curo da gam, sauyin yanayi bai cika tsaga shi ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na gwada, farcen ya maƙale. Malam mai gyara, zan turo maka hoton ta bayan fage ka faɗa mini kuɗin aikin.