Injina yana shaƙewa idan na ba shi wuta, ko filtar mai ce?

MaiKwalekwale40:
Salam 'yan uwa, don Allah masana injin jirgin ruwa a taimaka min. Yamaha Enduro 40 ne da ni, idan na tashe shi yana tashi lafiya lau, a silo ma ba ruwansa, amma da zarar na ɗauki kaya na murɗa totur sai ya fara shaƙewa kamar mai tari, wani lokacin ya mutu gaba ɗaya a tsakiyar ruwa, sai na matsa robar famfon nan ta tiyo sau uku huɗu sannan ya farfaɗo. Na canja fulogi bai hana ba. Wani ya ce min filtar mai ce. To wanke ta ake yi ko sabuwa zan saka? Gaskiya tunda na sayi injin ban taɓa buɗe ta ba.

Bakanike_Ruwa:
Wa alaikumus salam malam. Ai ka ba kanka amsa da ka ce idan ka matsa famfo yana farfaɗowa, mai ne ba ya isa kafireta. Cire murfin injin ka bi tiyon mai da ido, za ka ga wani ɗan kofi na roba, filtar tana ciki. Ka fara zare tiyon daga jikin injin, ka shimfiɗa tsumma a ƙasa saboda man zai zuba, sannan ka murɗe kofin. Kar ka zubar da abin da ke ciki, juye shi a kwalba mai haske ka bar shi ya ɗan zauna, in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa fetur ya hau sama tunda ruwa ya fi shi nauyi, layin da ya raba su a fili za ka gan shi. Wasu kofunan ma akwai jan zobe a ciki, idan ka ga ya taso to ruwa ne ya ɗago shi.
Batun wanki kuma ya danganta da irin ta. In raga ce kamar rariya, wanke ta da fetur mai tsabta ka ɗaga ta wajen haske ka duba ko ta yage. In ta takarda ce mai ninki-ninki ba a wanke ta, jefar da ita. Kuma don Allah ban da sigari a wajen.

DanKomi:
Oga bakanike ya gama magana, ni dai ƙari ɗaya, ka kula da siririyar robar nan da ke bakin kofin. Ni na taɓa mayar da kofi roba ta nannaɗe ban lura ba, inji ya dinga zuƙar iska, kwana biyu ina zagin kafireta har na kwance ta a banza wallahi. In kana da ƙaramar filta ta kan tiyo kuma, akwai kibiya a jikinta, inji take kallo ba tanki ba.

Kyaftin_Hudu:
Ni fa sai na ce a duba tanki tukuna. Ɗan notin iska da ke kan murfin tanki a buɗe yake? In a rufe yake tankin zai tsuke, famfo ya lotse, alamar duk iri ɗaya ce da ta filta. Sannan ko ka saka sabuwa yau, matuƙar akwai ruwa da tsatsa a gindin tanki gobe ma haka za ka koma. Fetur mai itanol (wani sinadari da ake gauraya shi da fetur) kuwa jan danshi yake idan ya daɗe a ajiye. Shawarata ka ɗaura babbar filta mai raba ruwa da mai tsakanin tanki da inji, mai maikiron 10 (ma'aunin ƙanƙantar ƙofofin filtar ke nan), kana canja ta kamar duk awa 100 na aikin inji ko shekara, wanda ya riga zuwa. Wajen ɗaurawa shafa ɗan man inji a robar filtar, ka ɗaure da hannu kawai ba da sifana ba.

MaiKwalekwale40:
Allah ya saka da alheri, na buɗe ɗazu. Jama'a abin da na gani!! Ruwa ya kai kusan rabin kofin, ragar kuma ta yi jawur da tsatsa har da wasu baƙaƙen ɓurɓushi kamar roba. Na wanke, na juye tankin kaf, na matsa famfo har ya yi tauri, ba yoyo. Na zaga da shi ya karɓi wuta sosai. Amma baƙin ɓurɓushin nan daga ina yake?

Bakanike_Ruwa:
Tiyonka ne yake ruɓewa ta ciki malam, ta waje za ka gan shi garau. Canja shi har da famfon kafin ka sake ɗaukar kaya, in ba haka ba sati mai zuwa ragar ta sake toshewa.