Jin rediyon 'yan sha'awa daga ko'ina cikin gida

Mai rediyon sha'awa, wato wanda ke magana da wasu ta na'urar rediyo tasa don nishaɗi, ba ya iya zama gaban na'urarsa wuni guda, amma yana son jin abokan hulɗarsa ko yana kicin ko tsakar gida. Shawarar da masu wannan harka suka fi haɗuwa a kai ita ce a jona ƙaramar na'urar watsa FM, irin ta mota, da kafar fitar sauti ta babbar rediyon, sai a kama da rediyon hannu.

Doka suka fara jan kunne a kai, kuma sun yi daidai. A Amurka, sashe na 15 na dokokin FCC, hukumar kula da sadarwa, ya ƙayyade ƙarfin watsawa zuwa maikrobolt 250 a kowace mita, in an auna daga nisan mita 3, wato sautin ba zai wuce kimanin mita 60 ba. A Turai iyakar nanowat 50 ce. Na'urorin watsawa masu arha da ake tallar suna da wat ɗaya ko fiye sun zarce wannan nesa ba kusa ba, kuma suna iya malalowa sama da megahaz 108, inda rediyon jiragen sama ke aiki. Wannan ba abin wasa ba ne.

Sai batun gurnani a cikin sautin. Yawanci daga cajar wuta yake, don haka batir ya fi. In ka danna maɓallin magana na babbar rediyon ka ji sautin ya rikice, naɗa wayar sauti a zoben ferait, mai tace hayaniyar lantarki, kusa da kafar. A rage ƙarar shiga har murya ta daina fashewa, a nemi gurbin da babu tasha tsakanin megahaz 88 da 108.