Intirobat da estirobat: wace kalmar Hausa ce za ta ɗauki wannan ma'ana?

Kwanakin baya na nemi shawarar 'yan'uwa a kan kalmomin nan biyu da suka cika bakin matasa, wato intirobat da estirobat, kuma na sami amsoshi masu yawa. Na gode wa duk wanda ya ba da tasa gudummawa. Zan bi shawarwarin da aka fi maimaitawa, sannan in faɗi inda na tsaya, amma dole mu fara da sanin abin da muke nema wa suna, domin yawancin saɓaninmu daga nan ya taso.

Likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, shi ne ya yaɗa kalmomin a littafin da ya wallafa da Jamusanci a 1921 kan rabe-raben halayen mutane. Tushensu Latin ne, inda intirobat take nufin juyawa ciki, estirobat kuma juyawa waje. Abin da Jung yake nufi shi ne inda hankalin mutum ya fi karkata: ko ga tunaninsa da abin da ke gudana a zuciyarsa, ko ga mutane da al'amuran da ke kewaye da shi. A 1967 masanin halayyar ɗan'adam Hans Eysenck, wanda aka haifa a Jamus ya yi aikinsa a Landan, ya kawo bayanin cewa ƙwaƙwalwar mai juyawa ciki tana saurin motsuwa, shi ya sa hayaniya kaɗan take isarsa, ɗayan kuwa sai ya nemi ƙari kafin ya ji ya wartsake.

A ɗauki mutum biyu da suka fito daga taron awa uku. Na farko shi ya fara ɗaga hannu, ya yi magana sau biyar, kuma a cikin maganar ne tunaninsa yake nuna, har ka ji ya gyara ra'ayinsa tun bai kai ƙarshen jimla ba. Da aka tashi, yana bakin ƙofa yana neman wanda za su ci gaba da hira. Na biyu ya saurara, ya rubuta layi uku a takarda, ya fita a gajiye kamar wanda ya yi dako, ya rufe ɗakinsa na awa ɗaya, washegari kuma ya aiko da saƙo mai tsawo wanda ya warware matsalar da aka kasa warwarewa a zauren. Dukansu sun san aikinsu, kuma dukansu suna ƙaunar abokan aikinsu. Bambancin yana wurin da kowannensu yake samun ƙarfi da wurin da ƙarfinsa yake ƙarewa. Duk kalmar da ba ta kama wannan ba, ta bar jaki tana dukan taiki.

A kan intirobat, mafi yawan masu amsa sun ce "mai kunya". Ban amince ba. Kunya, a ma'anar da ake nufi a nan, nauyin idon mutane ce da tsoron abin da za su ce. Akwai mai son shiga jama'a wanda kunya take hana shi, yana gefe ransa yana cikin taron, akwai kuma malamin da zai tsaya gaban ɗalibai ɗari biyu ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, amma da ya gama ba abin da yake so kamar ya zauna shi kaɗai. "Shiru-shiru" ta fi kusa, sai dai abin da ido ya gani kawai take bayyanawa, kuma irin wannan mutum yakan yi awa biyu yana magana idan ya sami aboki ɗaya da batun da ya dame shi.

"Miskili" ita ce ta fi damuna, domin da yawa sun kawo ta da zuciya ɗaya. Kalmar tana ɗauke da zargi. Idan aka ce wa yarinya miskila, an riga an yanke mata hukuncin girman kai da wuyar sha'ani, alhali wataƙila gajiya ce kawai ta sa ta janye. Yaron da ya tashi yana jin ana kiran halittarsa da sunan aibi zai daɗe yana neman gyara abin da bai lalace ba. Haka "zurfin ciki": ta burge ni da farko saboda tana da "ciki" kamar asalin kalmar, amma ma'anarta ɓoye damuwa ce da ƙin buɗe sirri, kuma mai yawan raha ma yana iya zama mai zurfin ciki. "Halwa" tana da matsayinta a ibada, bai kamata mu ja ta zuwa nan ba. A ɗaya ɓangaren, wato na estirobat, "mai surutu" zargi ne, "mai fara'a" da "mai haba-haba" kuwa yabo ne da ke nuna kamar ɗayan ba shi da su.

Abin da na tsaya a kai shi ne "mai keɓewa" da "mai cuɗanya". Jam'insu ya zo da sauƙi, masu keɓewa da masu cuɗanya, sunan halin kuma halin keɓewa da halin cuɗanya. Babu yabo ko suka a cikin ko ɗaya. Keɓewa abu ne da mutum yake yi da zaɓinsa kuma ya dawo, saɓanin killacewa da ake yi wa mara lafiya, cuɗanya kuwa ta haɗa magana da shiga mutane da saurin fara hulɗa. Ana iya cewa, "Ni mai keɓewa ce, ki turo mini saƙo ya fi mini kiran waya," kuma kowa ya gane ba tare da an yi masa fassara ba.

Wata 'yar'uwa ta yi gyara mai ma'ana, cewa kowa yana keɓewa wani lokaci kuma kowa yana cuɗanya. Gaskiya ne, kuma haka abin yake a binciken masana. Gwajin halayen mutum na Myers-Briggs, wanda Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka tsara a Amurka, yana raba mutane gida 16, amma a ma'aunin manyan halaye biyar da masu bincike suka fi dogara da shi, wannan hali mizani ne mai tsawo, kuma yawancin mutane suna kusa da tsakiyarsa. Jung da kansa ya ce babu wanda yake zalla ɗaya daga cikin biyun. Saboda haka a rubutu na ilimi zan riƙa cewa "wanda keɓewa ta fi rinjaye a halinsa", a magana ta yau da kullum kuma "mai keɓewa" ta wadatar. Wanda ya faɗo tsakani, wato wanda ake kira ambibat, "mai tsaka-tsaki" ta ishe shi, ko da yake ina jiran wanda zai kawo wadda ta fi ta armashi.